Lamba ta Takwas

Jega, 21 ga Janairu, 2007

Zuwa ga taubashina Jibrin, a Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Iklima da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ce ta sake tashi, amma ba ta hana ta takawa bakin rijiya don ta kama wanda ya bar ta a buɗe ba.

Kada ka ga rubutuna ka ɗauka kewarka ce ta dame ni. Aiki zan sa ka, tun da an ce kai ne mai gyaran intanet na kamfani guda.

Auwal ɗan Kawu Maigari, wanda ke karatu a Khartum, ya aiko wa babansa kwamfuta mai ido, ya ce in aka sa intanet a gida za su riƙa ganin juna. Kawu ya sa aka ɗauko wasu mutane daga Sakkwato suka kafa faranti a kan soron zaurenmu na Aliero. Suka ja waya zuwa wani ɗan akwati mai fitilu da suke kira rauta, suka ajiye takarda, suka ce jibi za su dawo su ƙarasa. Yau kwana ashirin ke nan muna jiran jibin.

A takardar akwai lambobi takwas, wai lambobin IP na waje, waɗanda duniya za ta gane gidan da su. Farkonsu duk iri ɗaya ne, ƙarshensu ya tashi daga 40 zuwa 47. Da na karanta wa Kawu sai ya ƙirga da yatsa, ya ce, "Ku dubi ikon Allah. Lamba takwas anka ba mu, gidan ga kau sassa takwas na."

Ka san shi. Washegari ya tara mutanen gida a zaure ya yi rabo kamar yadda yake raba naman layya, babba kafin ƙarami. Ya ɗauki 40, ya ba Inna 41, aka yi ta sauka har aka zo kan 47, ya ce wannan ta sashen marigayi Kawu Auta ce, wato babanka. Wani ya ce ai shekara tara ba kowa a ciki. Kawu ya harare shi ya ce, "Rabon Jibrin na. Ko yana Ikko, ko yana bayan Ikko."

Ni aka ba alli na bi ƙofa ƙofa ina rubutawa. Da na zo taku sai na tsaya. Har yanzu ƙusar da babanka ke rataye rediyonsa tana nan a jikin ƙyauren. Na tuna ranar da aka yanke mana jiha muna zaune a gindin rediyon, kai kana ta tambaya ko yanzu sai da fasfo za a shiga Sakkwato. Na rubuta 47, na share hawaye da bakin mayafi kafin yara su gani.

To, don ina buga takardu a sakatariya, an ɗauka na san komai. Ban san inda ake zuba waɗannan lambobi ba. Ka rubuto mini dalla-dalla. Kada ka ce za ka kira, wayar Aliero sai an hau kan rumbu, kuma tana cinye rabin magana. Muhsin direba zai kawo maka wannan in ya sauke albasa, ka ba shi amsa.

Taubashiyarka kuma uwargijiyarka,
Balaraba

Legas, 2 ga Fabrairu, 2007

Zuwa ga Balaraba.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso da warin albasa, har Iklima ta ce in fita da ita waje. Ban fita ba, shinshinawa na yi ta yi. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Ki duba mini Gwaggo da ƙafa, ki gaida Baffa Maigari.

Na yi dariya har na ƙware da labarin rabon nan. A tsaye nake rubutu, Muhsin na jirana, don haka ga bayani kai tsaye.

Lambobin takwas ne a takarda, amma biyar kaɗai ke aiki. Ta farko, 40, sunan rukunin ne gaba ɗaya, ba a ba kowa ita. Ta biyu, 41, ta na'urar kamfanin ce, ita ce ƙofar da komai ke bi ya fita. Ta ƙarshe, 47, ta shela ce, an ware ta don saƙon da ake so kowa ya ji lokaci guda. Saura 42 zuwa 46.

Ki haɗa kwamfuta da akwatin da kebul, ki buɗe burauza, ki rubuta 192.168.1.1. Sunan shiga da kalmar sirri suna manne a ƙarƙashin akwatin. Ki nemi inda aka rubuta WAN, ki zaɓi lamba tsayayya, ki sa mai ƙarewa da 42. A gurbin mask ki sa 255.255.255.248, a gurbin gateway ki sa mai 41. Ki adana, ki kashe, ki kunna. Daga nan akwatin da kansa zai riƙa ba kowace kwamfuta lambar cikin gida, ko su talatin ne. Sauran huɗun ki ajiye su tukuna.

Saboda haka ki ce wa Baffa tasa ba ta aiki, ya haƙura da ita. Tawa ma, 47 ɗin, a bar ta kawai. Ba ta da amfani, kuma ni ba na buƙatarta. A goge allin kada ya ruɗa mutane.

Kin tuna min da rediyon Baba. Kin manta ke kika faɗa cikin kwarin ban ruwa a fadama da sabon zanenki, kika ce ni na tura ki, aka zane ni a banza? Ina nan ina jiran ki nemi gafara.

Ubangijinki,
Jibrin

Jega, 16 ga Fabrairu, 2007

Jibrin,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, in ban da ni da ka sa a tsaka mai wuya.

Ashe Legas ta wanke maka kai har ka manta cewa wasiƙar ɗan gida zaure take fara sauka? Muhsin bai kawo mini Jega ba. Kawu ya miƙa wa a Aliero, kamar yadda ake yi tun muna yara. Aka aiko na zo, aka tara mutane, aka ce in karanta.

Lambobin ba wanda ya fahimta. Da idona ya hango sakin layin nan naka sai na yi tsalle zuwa labarin fadama. Kawu ba ya karatun boko, amma yana karanta fuska. Ya ce, "Kin tsallake wuri. Koma." Na koma. Na karanta "ba ta da amfani," na karanta "ba na buƙatarta," na karanta "a goge allin."

Jibrin, ka san abin da mayar da rabo yake nufi a gidan nan. Tun da aka kafa shi mutum ɗaya ya taɓa yi, ƙanen kakanmu da ya mayar da cinyar layya ya koma Kimba, kuma har ya rasu ƙafarsa ba ta sake taka zauren ba. Kai kuma shekara tara ba ka zo ba, sannan ka aiko a rubuce cewa a goge lambarka daga ƙofar ubanka. Me kake so su ji?

Na yi ƙoƙarin bayani. Kawu ya ce in sa masa 40 ɗinsa a kwamfuta a gabansa. Na sa, ta ƙi karɓa. Ya ce, "Kun gani? Ya maido nashi, ya toshe nawa daga Ikko." Inna ma ta ce ita 41 ɗinta me ta yi maka da ka ba kamfani.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Tun da aka buɗe jami'a ake ta zuwa neman ɗakunan haya, kuma an daɗe ana yi wa Kawu maganar sashenku yana korar masu maganar. Ran nan da bakinsa ya ce tun da mai wuri ya yafe, za a fasa ƙofa ta waje, a toshe ta ciki, a zuba ɗalibai kafin ruwa ya sauka. Ya hana ni taɓa akwatin. An naɗe shi da tsohon rawani an ɗora kan kabad.

Na san ba haka kake nufi ba. Ko kuwa haka kake nufi? Ni kaina na fara tambaya. Ka rubuto da sauri, kuma ka rubuta kamar mai magana a zaure.

Balaraba

Jega, 27 ga Maris, 2007

Jibrin,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Muhsin ya je Legas sau uku, duk lokacin da ya dawo sai in tare shi a tasha ya juya mini tafin hannu. Na kira layinka ranar kasuwa, a kashe. Yau sati shida.

A gida an gama fassara shirunka. An kira magini ya zo ya auna bango da igiya. Bulo ya iso, yana jibge a gindin darbejiyar da kuke ɗaure akuya.

Kawu ya aike ni Maiyama wajen mahaifiyarka in karɓo makulli. Na sami Inna Delu tana gyaran gero a tsakar gidan yayanta. Ta tsufa, Jibrin, amma muryar tana nan. Ta tambayi kowa da sunansa, har jikokin da aka haifa bayan ta bar gidan. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin faifai. Sannan ta ce, "Makullin na wurina, amma ba nawa na ba. In mai shi ya ce a ba da, a ba da." Na dawo hannu wofi.

Kawu ya ce to sai a karya kwado. Ya ba da ƙarshen Afrilu.

Ban goge allin ba. Ya fara dusashewa, na sake bi a kai. In kana so a goge, ka zo ka goge da hannunka.

Balaraba

Legas, 9 ga Afrilu, 2007

Zuwa ga Baffa Maigari, da Gwaggo Barakatu, da duk wanda ke zaune a zaure. Balaraba, ki karanta duka, kada ki tsallake komai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, ina fata Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi. Mu muna lafiya. An tura ni aiki cikin ruwa a bayan Fatakwal tsawon sati bakwai, inda waya ba ta kamawa. Jiya na dawo na tarar da wasiƙu biyu a kan tebur. Na karanta su a tsaye, na zauna a ƙasa.

Baffa, na yi kuskure. Na yi magana irin ta wurin aiki a inda ya kamata in yi irin ta gida. Ka gafarce ni. Ban toshe maka komai ba, kuma ko ina so ba zan iya daga nan ba. Haka aka tsara lambobin a duk duniya: a kowane rukuni, ta farko da ta ƙarshe ba sa shiga kwamfuta.

Ga yadda biyar ɗin za su wadatar da kowa ba tare da an hana wani ba. Akwatin kamar zaurenmu yake. Baƙo daga waje zaure ɗaya ya sani, in ya yi sallama sai a san sashen da za a kai shi. Balaraba ta sa 42 a kan akwatin yadda na faɗa, duk sassan su sha daga nan. Sai ta ba kwamfutar Baffa lambar cikin gida tsayayya, 192.168.1.10, ta shiga shafin da aka rubuta NAT, ta ɗaura 43 a kanta, ɗaya da ɗaya. Duk lokacin da Auwal ya nemi 43, kai tsaye ɗakin Baffa zai faɗa. Sauran ukun a riƙe su don ranar da wani ya buƙaci irin wannan.

Wannan ke nan na akwati. Sauran maganar ta fi wuya.

Ba raini ya hana ni zuwa ba. Ranar da Baba ya rasu ina kan hanya, motarmu ta lalace bayan Kontagora, na iso an riga an dawo daga maƙabarta. Na shiga ɗakinsa na tarar da takalmansa a bakin ƙofa a jere, da ragowar goro a kan taga. Na kulle, na ba Innata makulli, na gudu. Kowace Sallah sai in ce bana zan zo, in na tuna ƙofar nan sai in sami aikin da zai riƙe ni. Ba ranar da ba na tuna gidan nan. Har yau in na ji ana kiran sallar la'asar, ƙamshin fura da Gwaggo ke damawa nake ji, da muryar Baffa yana faɗa da masu auna albasa.

Ina roƙo a dakatar da magini. Ban san me zan yi da sashen ba, amma kada a toshe ƙofarsa ta ciki.

Ɗanku,
Jibrin

Aliero, 18 ga Afrilu, 2007

Daga Maigari zuwa ga ɗana Jibrin. Balaraba ka rubutawa, ni ka hwaɗi.

Bayan sallama, muna lahiya. Gwaggonka ta samu sauƙi. Albasa ta yi kyau bana, mun gode Allah.

Takardarka ta zo, an karanta ta sau biyu. Na sa an sauko da akwatin, Balaraba ta yi abin da kac ce. Jiya da hantsi na ga Auwalu. Ya rame, ya tara gemu, uwa tai ta yi ta shahwa gilashin tana kuka. Allah shi yi maka albarka, aikinka ya yi kyau.

Na gane zancen lamba. Ba kai kat toshe ba, na janye wannan. Tawa ba ta shiga na'ura, ta Barakatu ba ta shiga, taka ba ta shiga. Mu ukku ke nan.

Amma ka saurara. Ni ban goge tawa ba. Tana nan ga ƙohwata, 40, duk mai wucewa na ganinta. Barakatu ma ta ce a bar mata tata. Sa'ad da nir raba, ban san mi lamba ka yi ba, kuma ban tambaya ba. Ƙohwa takwas nig gani, nib ba kowace tata, don in san ko har yanzu mu takwas na. Bakwai sun amsa.

Ka ce in dakatar da magini, na dakatar. Ka ce ba ka san mi za ka yi da wurin ba. Ni ma ban san mi zan yi da ɗakin ƙanena ba, shi ya sa shekara tara ina bi ta bayan rumbu don kar in wuce gabanai. Kai ɗaya kaz zaci abin na ci?

Tambaya guda ta, kuma ba ni son amsarta ga takarda. Ka riƙe rabonka ko ka maido? Na tsuhwa, Jibrin. In za ka zo, ka zo ina gani.

Baffanka,
Maigari

Ƙari daga Balaraba: Yadda ya faɗa na rubuta, ban gyara masa ko kalma ba. Da ya zo kan maganar rumbu sai ya ce in fita in ba shi wuri. Na daɗe a waje kafin ya kira ni mu ƙarasa.

Maiyama, 26 ga Afrilu, 2007

Balaraba,

Sallama. Kowa lafiya. Ki dubi inda na rubuto wannan. Jiya da azahar na sauka, ban tsaya Jega ba don na san in kika kama ni sai an ji mu a tasha. Wani mai babur da zai wuce ta sakatariya na ba, don ta zo hannunki ke kaɗai.

Na roƙi Inna makulli. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da shi ɗaure a bakin zanenta, ta ƙi kwancewa. Ta ce kwadon sai an ɗaga ƙyauren sama kaɗan kafin ya buɗe, ita kaɗai ta san yadda ake yi. Yanzu haka tana ɗaure kayanta, kuma ƙunshin ya fi na kwana ɗaya.

Ki je Aliero ki gaya wa Baffa amsarsa na tafe ranar Asabar da hantsi. Ki ce a shimfiɗa tabarma biyu.

Jibrin